Wanzamin da Ya Koyi Jan Birki da Tsufansa

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, layinsu a Badarawa bai ɗauki mutane ba. Tabarmi suka ƙare, aka aro bencina daga Islamiyya, su ma suka cika, sauran jama'a suka jingina da katanga. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar jinya, a kan gadonsa, da shahada a bakinsa. Wanzami ne, kuma in ka dubi kawunan da suka taru a wajen, da wuya ka nuna wanda askarsa ba ta taɓa bi ta kai ba. Wani direban tirela daga Rigasa, ƙato har da furfura a gemu, ya zauna yana sharar hawaye da hula, yana cewa marigayin ne ya yi masa askin suna can ƙasar Katsina, shi ne kuma ya aske 'ya'yansa a nan Kaduna. Wata tsohuwa mai ƙosai ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa bai taɓa wuce kaskonta bai tsaya ya tambayi ciwon ƙafarta ba. Limamin unguwa kuwa cewa ya yi yanzu sai ya nemi wanda zai riƙa yi masa gardama bayan sallar asuba.

Ana cikin zaman makokin ne wani dattijo ya kawo zancen hannu. Ya ce Allah sarki, da ba don faɗuwar nan da ya yi a babur ba, da har ya bar duniya yana yi wa yara kaciya. Yana faɗa yana satar kallona. Na kuwa lura labarin nan ya fara yawo a karkace, kowa da irin nasa, kuma duk inda aka ba da shi sai marigayin ya fito a matsayin tsohon da aka cuta. Ba a cuce shi ba, shi kansa ba zai yarda a tuna shi a haka ba. Ni ne bakaniken da ya sa wa babur ɗin birki, ni ne kuma mijin 'yarsa, saboda haka bari in faɗi yadda aka yi.

Baba nake ce masa in ba ya wurin. In yana wurin kuwa ba na ce masa komai. Duk shekarun da na yi da 'yarsa kafin faɗuwar nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a durƙushe, idona a ƙasa, shi kuma yana amsawa yana kallon bango. In na hango shi tafe sai in sake layi. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Kai, aski ma a wani wuri nake yi, alhali wanzamin da ya fi kowa hannu a wannan ɓangaren na Kaduna yana gidan surukaina. Haka muka tarar da surukuta, kuma shi mutum ne da ya riƙe ta da gaske.

Ga kowa kuwa ban da ni, bakinsa ba ya hutawa. In aka gaishe shi da aiki sai ya ce alhamdu lillahi, kawuna na nan suna ta tsirowa. In ya kama kan mutum, sai ya gama ba shi labarin ubansa da kakansa kafin ya sake shi, kuma ba ka da damar musu tunda aska na bayan kunnenka. Duk ranar Alhamis yakan bi gidajen da ake da mai jinya a unguwa, ya aske su, ya gyara musu fuska, ba tare da an kira shi ba. Yana cewa mara lafiya in ya shafa kansa ya ji sumul, yakan tuna shi ma mutum ne. Taurin kai kuwa sai dai a yi shiru. Ya taɓa yin makonni ba ya bin wani layi don kawai mai gidan da ke kwana ya ce masa aska ta kusa zama tarihi tunda reza ta shigo.

Babur ɗinsa ya girmi aurena. Ya saye shi sabo fil tun lokacin da ma'aikaci ke iya sayen abu sabo, jan tanki gare shi, amma lokacin da na san shi jan ya koma kalar shayi. Da shi yake zuwa sunaye, daga Kawo har Rigasa, zabirarsa ta aska da ƙaho a rataye. Kuma a ina take rataye? A jikin hannun birkin gaba, don hannun ba ya aikin komai. Baba ya tsinke wayar birkin da kansa tun babur ɗin na sabo. Ba shi kaɗai ba ne, yawancin tsofaffin mahaya na wancan zamanin haka suke yi. Sun yi imani birkin gaba shi ke kayar da mutum, kuma kowannensu yana da labarin wani abokinsa da ya ja shi ya kifa. Baba yana cewa birkin gaba ba na mai iyali ba ne. Da birkin ƙafa kaɗai yake yawo, in bai isa ba ya ƙara da tafin takalmi. Inna, surukata, ta sha mita a kan yadda takalmansa ke cinyewa ta ƙasa, sama kuwa sabo.

Ni duk wannan bai dame ni ba, ransa ne da babur ɗinsa, sai da 'yata ta shiga firamare. Ita ce ta fari, kuma kun san 'yar fari ba ta iyaye ba ce, ta kakanni ce. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya, in ta faɗi a gabansu ma sai in kau da kai kamar ba tawa ba. Baba kuwa ya ɗora ransa a kanta. Kullum da safe sai ya baro Badarawa ya zo gidanmu a Hayin Banki da ƙunshin ƙosai, ya ɗora ta a baya ta riƙe babbar rigarsa, ya kai ta makaranta kafin ya wuce wajen aikinsa. Inna ta ce ko ranar da ba shi da lafiya, in lokacin ya yi sai ya miƙe.

Hanyar makarantar tana da gangare, a ƙarshensa kuma ga titi inda motocin haya ke wucewa a guje. Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, ina buɗe gareji sai na hango su suna saukowa. Na ga ƙafarsa ta danna birki har ƙasa, babur bai san ana yi ba. Na ga ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, taɓo na tashi. Sai da tayar gaba ta hau kwalta sannan suka tsaya, wata bas ta wuce ta gabansu har iskarta ta ɗaga mayafin yarinyar. Ita dariya ma take yi. Ni kuwa sifanar da ke hannuna ta faɗi ban sani ba, kuma ranar ban iya ɗaura noti ɗaya daidai ba. Na tsorata, tsoron da ban taɓa yin irinsa ba.

To, yaya zan yi? Ba zan iya tarar surukina in ce masa birkinsa ya mutu ba. Ba zan iya nuna damuwa a kan 'yar fari a gabansa ba. In kuma na hana shi ɗaukarta, na ci masa fuska a abin da ya fi so a duniya. In na yi shiru, wata safiyar bas ɗin ba za ta riga su wucewa ba.

Na bi hanyar da aka saba bi. Na gaya wa maiɗakina, ta gaya wa Inna, Inna ta gaya masa. Ni na ce birkin baya ya cinye, na gaba kuma babu shi, ran yarinya na cikin haɗari. Kafin maganar ta isa kunnensa, kowace ta rage mata kaifi don kunya, har ta koma wai ana gaishe shi, ana tambaya ko babur na son a ɗan duba shi. Amsa ta dawo ta hanyar da ta je: a gode wa mai gareji, babur lafiyarsa ƙalau.

Daga nan na yi abin da ya rage mini. Na sa yarinyar ta riƙa fita da wuri tare da yaran maƙwabta, a ƙafa. Baba ya zo, aka ce ta riga ta tafi. Ya miƙa ƙosai ya juya. Washegari ma haka. Maiɗakina ta yi ta kuka tana cewa na sa ta yi wa ubanta abin kunya, na ce na ji, gara kunyar. Bayan 'yan kwanaki ya daina zuwa. Inna ta aiko cewa da safe yakan zauna a zaure da hularsa a kai, babur a jingine. Wallahi abin ya dame ni, amma ban janye ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na dawo na tarar da babur ɗin a ƙofar garejina, makulli a jiki, an cire zabira. Mai shayin da ke gefena ya ce tsohon ne ya kawo shi, ya ce a gaya wa mai garejin nan babur ya yi masa nauyi yau, in ya ga abin da bai yi masa ba ya taɓa. Ya faɗi haka ya kama hanyar Badarawa a ƙafa. Mutumin da ba a taɓa jin ya sauko daga magana ba, ga yadda ya sauko, kuma bai bar wa kowa abin faɗa ba.

Na yi aikin nan kamar ba zan sake wani ba. Na je kasuwar Panteka na zaɓo waya sabuwa, ba irin gwanjon da ake wa fenti ba. Na buɗe tayar gaba na tarar da cikinta ya yi tsatsa don shekarun da ya yi ba a taɓa shi ba, na goge, na sake duk abin da ke kama tayar. Sandar birkin baya kuwa ashe da wayar ɗaure kaya aka riƙe ta, na cire na sa ta gaske. Na hau na gwada, babur ya tsaya cak inda na ce ya tsaya. Har gobe ina kan bakana, aikin nan ba shi da aibi. Na bar saƙo wajen mai shayi: a fara taka na ƙafa, sannan a matsa na hannu a hankali, kada a ja shi a kwana, kada a ja shi a kan yashi. Da Baba ya zo ɗauka na ɓuya a bayan gareji. Daga baya na ji abin da mai shayi ya isar duka-duka shi ne an gyara, a riƙa lallaɓawa.

Bai zo ɗaukar yarinyar ba tukuna, ashe so yake ya fara gwadawa shi kaɗai. A hanyarsa ta zuwa wani suna a Rigasa, a wata kwana mai yashi, akuya ta gifta. Ya damƙi birkin gaba da hannu gaba ɗaya. Tayar ta kulle, ya kifa, ya dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Hannun aska ke nan.

Da na isa Badarawa maɗori ya riga ya gama ɗori. Na cire takalmi na rakuɓe a zaure. Gidan cike yake, kuma kowa maganarsa ɗaya: abin da tsohon ya guda tun yana saurayi, surukinsa ya ɗaura masa shi da tsufa. Babban ɗansa, yayan maiɗakina, wanda shi ma wanzami ne, ya wuce ta gabana ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ɗauko filaya ya nufi babur ɗin da ke tsakar gida zai tsinke wayar. Sai muka ji muryar Baba daga ɗaki.

"Mi za ka yi da filaya? Aje ta. A ce wa mai gareji ya shigo."

Ban taɓa taka ɗakinsa ba sai ranar. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Yana kishingiɗe, hannu a ɗaure da karare, gumi na keto masa don zafi. Ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, matso. Babur ɗin nan da na ja birki ya tsaya. Ni ne ban tsaya ba."

Na ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba."

"Amin. Ba don ni ka sa shi ba, na sani. Na ga bas ɗin nan ni ma, kuma ban yi barci ba ranar. Wayar nan ba za a cire ta ba. In hannu ya warke, kai za ka koya mini, baki da baki. Saƙon nan da ake aikowa ta hannun mutane shi ya karya ni."

Yaya ya ajiye filaya a kan taga. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a gaban surukina, ban iya tare su ba, shi kuma ya juya fuskarsa bango don ya ba ni wuri.

Hannun ya warke, amma bai koma kamar da ba. Yatsun ba sa damƙa sosai, kuma in ya daɗe yana riƙe da abu sai su ɗauki rawa. Shi da kansa ya kira Yaya ya miƙa masa aikin kaciya da cire beli, ya ce ba a gwada hannu a jikin jariri. Ya riƙe askin manya kawai, su ma tsofaffin abokansa, waɗanda ya ce ko ya yanke su ba su da inda za su kai ƙara. Abin ya yi masa ciwo, na sani, don Inna ta ce ta sha ganinsa yana fito da ƙananan asake yana gogewa yana mayarwa. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa haɗa zancen hannunsa da sunana ba, kuma bai yarda wani ya haɗa a gabansa ba.

Saura kuma birki. Hannun da ya raunana ba zai iya matsa wayar da na sa ba, ta yi masa tauri. Na koma Panteka na yi ta tonon tulin kayan manyan babura har na samu wata waya mai santsi daga cikin rigarta, irin wadda ba ta cijewa. Na yanke ta daidai tsawon da nake so, na narka darma na yi mata kai. Na sake mata hanya ta yadda ba za ta lanƙwasa sosai a ko'ina ba, don kowace lanƙwasa ƙarfin hannu take ci. Na ƙara wa ƙarfen da take ja a jikin taya tsawo kaɗan, na ɗura mata baƙin mai har ya fito ta ɗaya bakin. Da na gama, yatsa biyu sun isa, kuma birkin ba ya cafka lokaci guda, a hankali yake kamawa. A duk rayuwata ta gareji ban yi aikin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Filin ƙwallon firamare muka riƙa zuwa ranakun da babu makaranta. Shi ya kawo dabarar buhu. Ya sa aka ɗora rabin buhun masara a inda yarinyar ke zama, ya hana a ɗaure shi da kyau, ya ce ita ma ba a ɗaure take ba. Ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa. Sharaɗin da ya kafa wa kansa shi ne ya taho a guje ya tsaya kafin layin, buhu bai zame ba, ƙafarsa ba ta ja ƙasa ba. Ranar farko ina ba shi umarni ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye, sai ya kashe babur.

"Ɗaga murya, Malam. Surukinka na gida. Wanda ke filin nan ɗan koyo ne."

Ai kuwa na ɗaga. Na ce taka, na ce matsa, na ce saki, har na kai ga cewa ba haka ba, a sake. 'Yan acaɓa, waɗanda a lokacin suka fara yawa a gari, suka riƙa tsayawa a bakin fili suna kallon tsoho da farin gemu yana goyon masara, suna dariya. Bai kula su ba. In buhu ya faɗi sai ya sauka, ya tsaya a kansa, sannan mu ɗaga tare. Mun zubar da masara ba kaɗan ba, kajin unguwar sun shaida. A hankali hannun ya gane. Ya koyi tsayawa a busasshiyar ƙasa, ya koyi tsayawa bayan ruwa, ya sa na kai shi gefen da yashi ya taru ya koyi inda ba a taɓa birkin gaba sam. Na ce masa ya iya tun kafin shi ya yarda ya iya. Ya ƙara makonni yana zuwa shi kaɗai, har ya riƙa sauka gangaren nan da buhunsa a baya.

Wata safiya ina shirin fita na ji ƙarar babur ɗin a layinmu. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ba jan takalmi, ba ƙara. Yarinyar ta ji shi, ta fito da gudu da jakarta za ta haye, sai ya ɗaga mata hannu ya ce ta dakata. Maiɗakina ta leƙo ta gaishe shi, ya ce ba ita yake nema ba, a kira mai gidan. Na fito na durƙusa. Maƙwabta na tsaye a ƙofofinsu suna kallo.

"Malam, na zo ɗaukar ɗiyarka. In ka yarda, ɗora ta da hannunka. In ba ka yarda ba, in kai ta a ƙasa, ba komai."

Ɗiyarka ya ce. Tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa ce mini haka a gaban mutane. Na miƙe na ɗauke ta, ashe ta yi nauyi ban sani ba, na zaunar da ita a bayansa, na kama hannayenta na zagaya da su cikinsa. Ya jira har na ja da baya, sannan ya buga babur suka tafi. Na bi su a ƙafa har bakin gangaren, na tsaya ina kallo. Tun da sauran nisa kafin titi na ga yatsunsa biyu sun miƙa, babur ya tsaya, ya duba dama da hagu, suka tsallaka.

Ya Allah, kai ka san bawan nan naka fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.